HUKUNCIN WASAN HARBI DA ƘARAMAR BINDIGA

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, a ƙasashen Amurka da Turai akwai mutane masu yawa waɗanda ke sayen ƙaramar bindiga ta hannu, ba don yaƙi ko farauta ba, sai don su tafi filin harbi ranar hutu su riƙa auna wata takarda da aka zana wa da'irori, wanda ya fi samun tsakiya shi ne gwani. Jaridunsu cike suke da shawarwari a kan wadda ta fi dacewa a saya. To, mu abin da za mu duba a wannan mako ya gabaci zancen saye. Shin ya halatta abin da aka ƙera don kisa ya zama abin shaƙatawa? In kuwa ya halatta, ina iyakarsa?

Malamanmu sun ce hukunta abu reshe ne na fahimtarsa, saboda haka bari mu fara sanin bindigar. Harsashinta shi ne wanda Turawa ke yi wa lamba .22, watau faɗinsa kashi 22 cikin ɗari na inci, kimanin milimita 5.6, nauyin dalmarsa kuwa bai kai giram uku ba. Sinadarin da ke kunna albarushin yana cikin leɓen gindin kwanson, ba a tsakiya ba kamar na manyan bindigogi, don haka ɗan ƙarfen da ke dukan harsashi a gefe yake duka. Wani Bafaranshe mai suna Flobert ne ya ƙago wannan dabara a shekarar 1845, kuma mutane suka riƙa harbi da irin bindigarsa a cikin ɗakuna don nishaɗi. Kamfanin Smith & Wesson ya fitar da libarba mai cin irin wannan harsashi a 1857, sa'an nan a 1887 aka fitar da samfurin da ya fi shahara har yau. Da shi ake gasar harbin bindigar hannu ta nisan mita 25 a wasannin Olamfik.

Dalilin da ya sa masu koyo ke zaɓenta a fili yake. Harsashinta yana da araha, ƙararta ba ta kai ta sauran ba, ba ta kuma dukan hannu da ƙarfi idan ta tashi, saboda haka mai koyo yakan tara hankalinsa ga saiti maimakon fargaba. Iri biyu ce: akwai libarba mai juya harsasai, akwai kuma mai ɗura wa kanta, irin wadda kamfanin Ruger ya fara sayarwa a 1949. Masana sukan shawarci mai saye ya duba yadda ta zauna a tafin hannunsa, da nauyinta, da laushin kunamarta, da sauƙin kwancewa don wankewa. Wannan shawara ce ta gwanaye, amma duk a kan ƙarfen take. Shari'a kuwa ga mai riƙon ƙarfen take fara dubawa.

Asalin harbi dai abin yabo ne a Musulunci, babu saɓani a kan haka. Imamu Muslim ya ruwaito daga Uƙbatu ɗan Amir cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fassara ƙarfin da aka umurci Musulmi su tanada a aya ta 60 ta Suratul Anfal da harbi, ya maimaita har sau uku yana kan mumbari. Imamul Buhari kuma ya ruwaito cewa ya wuce wasu mutanen ƙabilar Aslam suna gasar kibiya, ya ƙarfafa musu gwiwa, ya tuna musu cewa kakansu Annabi Isma'ila maharbi ne. A mazhabarmu ta Malikiyya, Shehu Halil ya ƙulla babi na musamman a kan tsere a cikin Muhtasar, inda ya halatta sa lada a tseren dawaki da raƙuma da harbin kibiya. Malamai da yawa na wannan zamani sun yi ƙiyasin bindiga a kan kibiya, domin ita ce ta gaje ta a aiki.

Sai dai mai hankali zai iya cewa: “Malam, an yabi harbi ne domin tanadin kare addini da rayuka. Wanda ya tafi fili ranar Asabar don jin daɗinsa kawai, mene ne haɗinsa da wannan yabo?” Wannan magana tana da ƙarfi, kuma gaskiya ne ba shi da ladan mai tanadi sai in ya yi niyyar mai tanadi. Amma rasa lada daban, samun zunubi daban. Zuciya tana gajiya kamar yadda jiki ke gajiya, kuma lokacin da Hanzala ya zo yana kuka da kansa cewa yana shagala da iyali da dukiya in ya bar majalisar Annabi, an amsa masa cewa kowane hali da lokacinsa. Har ila yau wannan wasa yana koyar da abubuwan da ba a raina su: natsuwa, da riƙe numfashi, da haƙuri, da yarda da kuskure, domin takarda ba ta yi wa kowa kara, inda harsashi ya huda nan ya huda. Saboda haka wasan a kan kansa halas ne, yana kuma hawa zuwa abin so gwargwadon kyawun niyya.

Akwai wani hadisi kuma da ya kamata mu tsaya a kansa da kyau, domin shi ne ya fi kusa da mas'alarmu. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Mugaffal cewa Annabi ya hana harba 'yar tsakuwa da yatsu, ya bayyana dalili cewa ba ta kama abin farauta, ba ta karya abokin gaba, amma tana fasa ido tana karya haƙori. Ku lura, jama'a, ba a hana takobi ba, ba a hana mashi ba, sai 'yar tsakuwa. Me ya sa? Domin mai riƙe da takobi ya san abin da ke hannunsa, yana jin nauyinsa, mutane ma suna ba shi hanya. Mai 'yar tsakuwa kuwa yana ganin wasa yake yi, sai ya harba ta a tsakiyar jama'a yana dariya. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

To, a nan ne haɗarin ƙaramar bindiga yake. Siffofin nan da ake yabonta da su, watau rashin ƙara da rashin dukan hannu da araha, su ne ke sa mutum ya manta cewa makami ce. Alhali kuwa da libarba mai wannan ƙaramin harsashi aka harbe Sanata Robert Kennedy a birnin Los Anjalas a watan Yuni na 1968, ya mutu washegari. Da irinta aka harbi Shugaba Ronald Reagan ranar 30 ga Maris, 1981, harsashin ya shiga huhunsa ya tsaya kusa da zuciya, kakakinsa James Brady kuwa da aka samu a ka bai rabu da nakasa ba har ya bar duniya a 2014. Masu ƙera harsashin da kansu suna gargaɗi cewa yana iya yin ɓarna daga nisan da ya wuce kilomita ɗaya da rabi. Wanda ya zaɓe ta domin ta fi sauƙin koyo ya yi zaɓi na hankali. Wanda ya zaɓe ta domin yana ganin ba ta da haɗari, wannan ya faɗa cikin ma'anar hadisin tsakuwa, ko da kuwa abin da ke hannunsa ya sha bamban da tsakuwa.

Domin haka ne shari'a ta kewaye makami da ladubba masu tsanani. An hana Musulmi ya nuna ɗan'uwansa da makami, aka faɗi dalili cewa bai sani ba ko Shaiɗan zai fizgi hannunsa. A wata ruwaya ta Muslim an ce mala'iku suna la'antar mai yin haka har ya bari, ko da wanda ya nuna ɗin shaƙiƙinsa ne uwa ɗaya uba ɗaya, watau ko da kowa ya san wasa ne. An umurci mai wucewa ta masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu. An hana miƙa wa wani takobi a zare. Wanda ya duba dokokin filayen harbi na yau zai ga hanyar nan suka bi: a ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi a ciki, kada a juya bakinta ga abin da ba a nufin harbi, kada yatsa ya taɓa kunama sai an gama saiti, a kuma san abin da ke bayan abin da ake auna. In harsashi ya ƙi tashi, abin da yakan faru da wannan iri, sai a jira bakin bindiga yana fuskantar gaba, don yana iya tashi a makare. Ga Musulmi, kiyaye waɗannan ibada ce, saɓa musu kuwa saɓo ne, ko da babu jami'in da ke kallo.

Sharaɗi na biyu shi ne kada a mai da mai rai abin gwada saiti. Abdullahi ɗan Umar ya wuce wasu samari sun ɗaure tsuntsu suna harbinsa, da suka gan shi suka watse, ya shaida musu cewa Annabi ya la'anci mai yin haka. A wasannin da aka yi a birnin Faris a 1900 an yi gasar harbin tattabaru masu rai, aka kashe kusan 300, ba a kuma maimaita wannan a Olamfik ba. Yaron da ke harbin ƙadangaru da danƙo don gwada hannu kawai, shi ma iyayensa su tuna masa da wannan. Sharaɗi na uku kuwa a nisanci caca. A wurin Malikiyya, lada ta halatta in wani na gefe ya sa ta, ko ɗaya daga cikin masu gasar ya sa ba don ta koma hannunsa ba. Amma kowa ya zuba kuɗi wanda ya yi nasara ya kwashe, wannan bai halatta ba.

Saura mas'ala mafi nauyi, ita ce haƙƙin jama'a. Ranar 13 ga Maris, 1996, wani mutum mai lasin riƙe bindigogin hannu ya shiga makarantar firamare a garin Dunblane na ƙasar Sikotilan ya kashe yara 16 da malamarsu. A shekarar 1997 majalisar Birtaniya ta haramta manyan bindigogin hannu, kafin shekarar ta ƙare kuma ta haɗa da ƙananan nan masu lamba .22. Dubban masu wasan harbi da ba su taɓa cutar da kowa ba suka miƙa bindigoginsu, 'yan wasan ƙasar suka koma yin atisaye a ƙasashen waje. Shin an zalunce su? Lalle sun yi hasara, kuma ba laifinsu ba ne. Amma ƙa'idar malamai ita ce tunkuɗe ɓarna yana gaba da jawo amfani, kuma Malikiyya sun shahara da toshe ƙofar da ke kai wa ga ɓarna ko da ƙofar halas ce a asali. In aka ɗora nishaɗin dubban manya a sikeli ɗaya, rayukan yara a ɗayan, shugaba yana da hurumin ya taƙaita abin da yake halas. Ba wai kowace ƙasa tilas ta yanke irin hukuncin Birtaniya ba, domin halin ƙasashe ya bambanta. Abin nufi shi ne in hukuma ta yanke, biyayya ta wajaba.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Dokar bindigogi ta Nijeriya ta 1959 ta sa libarba da sauran bindigogin hannu cikin jerin makaman da aka haramta, waɗanda ba a riƙe su sai da izinin Shugaban Ƙasa. Saboda haka wanda ya ajiye irin wannan a ɓoye, ya ce ai harbi sunna ne, ya ɗauki hadisi ɗaya ya bar goma. Mutanen da suka ga abin da yawaitar makamai ta jawo wa ƙauyukan Zamfara da Katsina ba su bukatar dogon bayani. Mai sha'awar raya sunnar harbi, ga baka ga kibiya nan, su ne ma nassi ya ambata da suna.

'Yan'uwanmu da ke zaune a ƙasashen da doka ta yarda kuwa, to, su yi wa kansu hisabi kafin su shiga kanti. A Amurka, a shekarar 2021, mutum fiye da 48,000 suka mutu ta hanyar bindiga, fiye da rabinsu kuwa su suka harbe kansu. Wannan yana nuna cewa bindigar da aka saya cikin farin ciki tana nan a gida ranar baƙin ciki, tana nan ranar fushi, tana nan ranar da yaro ya buɗe akwati babu kowa. Sai mutum ya tambayi kansa: yaya nake in na fusata? Akwai wanda damuwa ta yi wa yawa a gidana? Ina da inda zan kulle bindiga daban, harsashi daban? Wasan zai ci lokacin sallata ko kuɗin cefanen iyalina? Wanda ya amsa waɗannan da gaskiya ya sami kansa lafiya, babu laifi ya je ya duba wadda ta zauna a hannunsa. Wanda ya yi shakka ko a guda ɗaya, barin abin shi ne tsentseni, kuma ba a taɓa tuhumar bawa ranar Ƙiyama don ya bar wasa ba, amma za a tambaye shi jinin da sakacinsa ya zubar.

Allah ya kiyaye hannayenmu daga jinin bayinsa, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya nuna mana gaskiya ya ba mu ikon binta. Allah ne mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.