Jidda, Zauren Makka

 

Mafi yawan alhazanmu sun ɗauki Jidda tasha ce kawai: a sauka, a hau mota zuwa Makka, in an kammala ibada a dawo awon kaya. Wannan yana damuna ƙwarai, domin Jidda zauren Makka ce, kuma mai hankali ba ya ratsa zauren babban gida bai ɗaga kai ya duba ba. Tun shekara ta 26 bayan Hijira Halifa Usmanu ɗan Affan, Allah Ya yarda da shi, ya mayar da mashigar jiragen ruwan Makka daga Shu'aiba zuwa wannan gari. Kakanninmu da suka taka sayyada ta Barno da Wadai da Darfur, wasu suna shafe shekaru suna ƙwadago a hanya don neman guzuri, in sun ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin, a wannan gaɓa suke fara taka ƙasar Hijaz. Jikokin waɗanda ba su koma gida ba suna nan har yau, shi ya sa za ka ji Hausa raɗau a kasuwa.

Zuciyar garin ita ce tsohuwar unguwar da ake kira Al-Balad, wadda UNESCO ta sanya cikin kayan tarihin duniya a 2014. Gidajenta benaye ne da aka gina da duwatsun murjani na teku, kowanne da tagogin katako masu sassaƙa da suke kira rawashin. Ka tsaya ka lura da hikimar magabata: iska tana shiga ta ƙananan ramukan ta sanyaya ɗaki, matan gida suna ganin titi, mai wucewa kuwa ba ya ganinsu. Sun haɗa jin daɗi da sutura a aikin kafinta ɗaya. A nan ne Baitu Nasif yake, gidan da aka gama a 1881, inda Sarki Abdul'aziz ya sauka da ya shigo Jidda a 1925. Matakalar gidan mai faɗi ce, har ana cewa raƙumi yana hawa da kaya. A ƙofarsa akwai darbejiya, irin wadda muke zama a inuwarta a Kano ko Damagaram, amma saboda tsananin ƙarancin ruwan daɗi a da, ita kaɗai ta isa a yi kwatancen gidan da ita.

Garin da ya sha wannan ƙishi, yau shi ne yake da maɓulɓular Sarki Fahad, wadda tun 1985 take harba ruwan teku sama fiye da mita 260. Da magariba iyalai suna cika bakin teku da shimfiɗu da shayi, Masallacin Rahama kuwa, da aka kafa a kan ginshiƙai cikin ruwa, sai ka ce yana iyo in teku ya cika. Amma kabarin da ake jingina wa uwarmu Hauwa'u, babu ingantaccen nassi a kansa, kada kowa ya je neman tabarruki.

Ya ɗan'uwa, in Allah Ya kai ka kuma ka sami sarari, ka shiga ta Bab Makka bayan la'asar, ka ratsa kasuwar Alawi, ka sallaci magariba a tsohon Masallacin Shafi'i, sannan ka yi addu'a ga kakanninmu da suka yi niyyar wannan gaɓa ajali ya riske su a hanya.