Kada Mu Jira Sai An Kira Mu

'Yan'uwa, ga tambaya a gabanmu: wanda ya kasa tashi, shi ne zai zo ya roƙe mu, ko mu ne za mu je mu same shi?

A unguwanninmu akwai waɗanda shan-inna, hatsarin mota ko shanyewar ɓarin jiki ya kwantar. Da yawansu suna ɗauke da ciwo na biyu wanda ido ba ya gani, wato ciwon damuwa: barci ya ƙaurace, abinci ya fita rai, mutum ya ɗauki kansa kaya a wuyan iyalinsa. Wannan ba ragwanci ba ne, ba kuma ƙarancin bangaskiya ba. Likitoci suna da maganinsa. Amma yakan ɗaure bakin mai shi, har ya kasa neman taimako. Idan muka jira kira, mafi bukata ne za mu manta.

Dokar hana nuna wa nakasassu bambanci, wadda aka sa wa hannu a Nijeriya a 2019, ta kare haƙƙinsu na karatu da aiki. Amma doka ba ta ɗebo ruwa, ba ta juya majiyyaci a gado don kada gyambo ya kama shi. Wannan aikin maƙwabta ne. Shi ya sa Ƙungiyar St. Vincent de Paul, tun kafuwarta a birnin Paris a 1833, ta riƙi ziyarar gida.

Saboda haka mu raba aikin: wanka, cefane, rakiya asibiti, da hutar da mai jinya. Mu kuma tambayi majiyyacin abin da yake so kafin mu yanke masa. Zumunci a ƙafa yake.