Saura Ma Tana Da Mai Ita

Idan kaka ta wuce, aka kwashe masara da gyaɗa, hunturu ya busar da ciyawa, ƙasar da ke tsakanin Garwa da Ngong a arewacin Kamaru sai ta koma launi ɗaya. Matafiyin da ya bi hanyar Ngawundare yana leƙe ta tagar mota ba zai iya nuna inda gonar wani ta ƙare ta wani ta soma ba. Babu shinge, babu waya, babu allon da aka rubuta kada a shiga. A irin wannan lokaci ne samari kan fito da karnuka da gora da gwafa, suna bin zomo da gafiya da kurege, wani sa'in a dace da zabin daji ko fakara. Duk inda sawu ya nufa nan suke nufa. In ka tambaye su gonar wa suke ciki, amsar ba ta canzawa: "Ai daji ne."

Ga mai gonar kuwa iyaka a fili take. Daga waccan kaɗanya zuwa surin nan, daga layin gamba zuwa bakin rafi, ya san kowane taku, ya san kuma ranar da jauro, wato mai gari, ya tsaya ya nuna masa. Saurar da aka bari ta huta shekara biyu, ciyawa ta rufe ta har ƙirji, tana da wanda ya sare itatuwanta da gatari, yana kuma lissafin damina mai zuwa a kanta.

Wanda ya san yadda Ngong ta cika ba zai yi saurin kiran wani fili daji ba. A da, kwarin Binuwai ƙasa ce mai faɗi da ƙarancin jama'a. Daga shekarun 1970 gwamnatin Kamaru ta buɗe shirye-shiryen kawo manoma daga arewa mai nisa, inda ƙasa ta yi wa mutane kaɗan. Kamfanin Sodecoton, wanda aka kafa a 1974, ya yaɗa noman auduga, har ya gina masana'antar gurza ta a Ngong. Madatsar ruwan Lagdo da aka kammala a 1982 ta shanye filaye masu yawa, ta kuma jawo wasu baƙin. Mafa da Tupuri da Mundang da Giziga da Masa suka sauko, suka tarar da Fulanin Lamidon Tcheboa, da Mbororo da shanunsu, da Hausawa 'yan kasuwa. Kowane baƙo ta hannun jauro ko lawan ya sami wurin noma. Yau kasuwar Ngong ta ranar Litinin na cika da buhunan masara da gyaɗa da garken shanu, kuma duk abin nan daga filayen da ake cewa daji yake fitowa. Manomi da makiyayi sun daɗe suna jayayya a kan burtali da mashaya. Ƙasar da mutum biyu ke gardama a kanta, ta yaya na uku zai ce ba ta da mai ita?

Dokar filaye ta 1974 ta sa duk ƙasar da ba a yi mata takardar mallaka ba a ƙarƙashin kulawar gwamnati, kuma akasarin manoman karkara ba su da wannan takarda. Abin da manomin Ngong ya riƙe shi ne shaidar jauro, da guminsa, da amincewar maƙwabta cewa wurin nasa ne. Nan ne nake ganin nauyin neman izini ya fi na zomon da ake nema nesa ba kusa ba. Duk sanda mutum ya tsaya a bakin gona ya ce, "Salamu alaikum, Baba, sannu da aiki. Mun ga sawu ya shiga saurarka, ko ka yarje mana mu bi?", ya ƙara wa dattijon nan shaida guda a kan haƙƙinsa. Duk sanda aka ratsa ba a ce masa uffan ba, an nuna masa a gaban 'ya'yansa cewa zamansa a wurin na aro ne. Mutumin da ya baro duwatsun Mandara shekara talatin da suka wuce yana jin wannan a jikinsa.

Ita kanta dokar farauta ba ta bar batun a buɗe ba. Dokar gandun daji da namun dawa ta 20 ga Janairu 1994, wadda ta yi shekara talatin tana aiki kafin a kawo sabuwa a 2024, ta halatta farautar gargajiya a ko'ina cikin ƙasar, amma ta cire wuri biyu: dazukan da aka keɓe don kare dabbobi, da filayen da suke mallakar wasu. Ƙa'idar da ta biyo baya a 1995 ta taƙaita wannan farauta ga ƙananan dabbobi, da makaman da aka yi da itace ko tsiro, kuma don tukunyar gida, ban da sayarwa. Lauyoyi na iya ja-in-ja a kan ko gonar da ba ta da takarda ta shiga cikin mallakar wasu. A ƙauye ba a wannan musu, domin kowa ya san wanda ya yi huɗa a wurin.

Sai dai ko da babu doka, akwai dalilin da ya fi kusa, wato abin da mai gona ya sani wanda mafarauci bai sani ba. Shi ya san cewa bayan waccan ciyawar matansa na can suna roron gyaɗa ko sarar itacen girki. Shi ya san ya yi yarjejeniya da wani Bafulatani ya shigo da shanu su ci kara su bar masa taki, kuma 'yan maruƙa na kwance a inuwa. Shi ya san inda tsohuwar rijiya take da ciyawa ta rufe bakinta, da inda aka binne mahaifinsa. Karnukan farauta ba sa bambanta gada da 'yar akuya. Tarkon wayar birki da aka ɗana aka manta da shi ba ya tambayar ƙafar wa ya kama, kuma sau da yawa ƙafar tunkiya ce, ko ta yaro mai kiwo.

Babbar masifar ita ce wuta. Hanya mafi sauƙi ta fito da gafiya ko zomo ita ce a cinna wa ciyawa ashana a tsaya da gora a ɗaya gefen. To amma rani a ƙasar Ngong lokaci ne da auduga ke jibge a gona ko a bakin gari tana jiran a zo awo. Harawar wake da ta gyaɗa na ɗaure a kan rassan itace, ita ce abincin shanun huɗa har ruwa ya sauka. A fadamun da ake dasa masakwa, dawa na tsaye ba a girbe ba. Iskar hunturu kuwa in ta karɓi wuta ba ta shawara da wanda ya kunna. Aikin damina guda, da bashin takin da za a cire daga kuɗin audugar, duk suna iya tafiya kafin la'asar saboda naman da bai cika kwano ba. Da an tambaya, kalma ɗaya ta isa: "Ku bi ta yamma, gabas akwai kaya, kuma kada ku sa wuta."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, samarin nan sun san iyaka sarai a inda iyaka ke da haƙori. Kudu da Ngong akwai gandun dajin Binuwai, mai faɗin hekta 180,000, wanda aka mai da shi na ƙasa a 1968. Gabas akwai gandun Buba Njida, yamma akwai na Faro. A kewayensu an yanka yankunan farauta fiye da 20, da gwamnati ke bai wa ƙwararrun jagororin farauta haya, su kuma su kawo attajirai daga Turai da Amurka su harbi ɓauna da gwanki da manyan dabbobi a kan kuɗi masu yawa. Gandayen da waɗannan yankuna sun cinye fiye da kashi 40 cikin ɗari na lardin Arewa. A can akwai masu gadi da bindiga, akwai tara, akwai gidan yari. Wanda zai shiga sai ya shiga a sace, ya san abin da yake yi. Amma gonar talaka, da ba ta da mai gadi sai Allah, ita ake shiga da ihu da rana tsaka.

Ba na raina kukan mafarauci. Kakansa ya yi farauta a dajin da yau aka ce na haya ne, ya ga baƙo na harbin abin da shi in ya taɓa sai ɗauri. Ya kuma san cewa ba gorarsa ce ta ƙarar da karkanda ba, wadda aka yi shelar ɓacewar irinta na yammacin Afirka a 2011 bayan ragowarta ta ƙare a arewacin Kamaru, kuma ba karnukansa ne suka kashe ɗaruruwan giwaye a Buba Njida a 2012 ba. Kukan gaskiya ne, kuma wurin kai shi yana nan, gaban hukuma da sarakuna. Manomin da ke maƙwabtaka da shi ba shi ya ƙwace dajin ba. Matsi ɗaya ne ya same su duka.

Wasu ƙasashe sun daɗe da wannan muhawara. A jihohin Vermont da Maine na Amurka, filin da mai shi bai kafa alamar hani ba, mafarauci na iya shiga, yayin da a Ohio sai da izini a rubuce. Faransa tun dokar 1844 ta hana farauta a ƙasar wani sai da yardarsa. Amma ko a Maine, hukumar kula da namun daji kan roƙi mafarauta su fara tambaya, domin an lura cewa duk sanda aka ɓata wa mai fili rai, abin da ke biyo baya shi ne allon hani, kowa ya rasa. A Ngong ba allo ake kafawa ba. Ƙara ake kaiwa gaban jauro, ko a sa wa kare guba, ko gaba ta shiga tsakanin unguwa da unguwa, wani sa'in har ta ɗauki launin ƙabila alhali asalinta zomo ne.

Wani zai ce naman dawa na Allah ne, wanda ya kama shi ke da shi. Malamai ma haka suka faɗa a kan dabbar da ba ta da mai ita. Amma halaccin zomo daban, halaccin taka wurin da yake kwance daban. Mu da aka koya mana tun muna yara cewa ba a shiga gida sai da sallama, ko da ƙofar zana ce a buɗe, bai kamata a ce sai an kafa mana allo ba.

Kuma a mafi yawan lokuta mai gona so yake a zo. Birai na karya masa masara, gafiya na haƙe masa gyaɗa, mugun dawa na tumbuƙe rogo. Shi zai nuna ramin, har ya ce a dawo gobe. Wanda ya san ya kamata, in ya samu, yakan aika da cinya gidan mai gona, kuma wannan cinya ita ke buɗe masa hanya baɗi. In an ce a'a, a juya ba tare da ɓacin rai ba, domin mai yiwuwa dalilin ba na faɗa wa baƙo ba ne.

Inda aka rasa sanin mai wuri, ko gonar tana hannun ɗan aro, ko farautar ta gayya ce da za ta ratsa gonaki goma, gidan jauro ake zuwa tun jajibiri. A faɗi rana, a faɗi ɓangaren da za a bi, a yi alkawarin ba wuta ba tarkon waya. Shi kuma ya sa a yi shela bayan sallar isha'i, a kuma faɗa a coci in ranar ta kama, mata masu itace su kauce wa wannan gefe, makiyaya su janye maruƙansu, wanda ke da auduga a gona ya share kewayenta.