SHAHIDAN YUGANDA: IRIN DA AKA SHUKA A NAMUGONGO



A ranar 3 ga watan Yuni kowace shekara, lokacin da manoman Funtua da Malumfashi suke duƙufa ga shukar masara da dawa da auduga, Ikilisiya tana tunawa da Waliyyi Charles Lwanga da abokansa 21 a biki guda. An haɗa su ne domin bangaskiya ɗaya suka riƙe, ko da yake shekarunsu da matsayinsu da ranakun mutuwarsu sun bambanta.

Fada-fada na farko sun isa ƙasar Buganda a 1879. A 1882 tilas ta sa suka fita, ba su komo ba sai 1885. A tsawon shekarun nan uku babu Misa, babu mai jin iƙirarin zunubi, amma masu bi suka ci gaba da koya wa juna addu'a da katikizim, har yawansu ya ƙaru. Ku katikis da shugabannin majami'un ƙauye, waɗanda Fada ba ya isa wurinku kowace Lahadi, wannan tarihinku ne.

Joseph Mukasa babban bafade ne a gidan Sarki Mwanga. Ya tsauta wa sarki a kan kisan Bishop James Hannington na Anglika, ya kuma kāre samarin fada daga aikin ƙazanta da sarki yake nema a wurinsu. Saboda haka aka fille masa kai ranar 15 ga Nuwamba 1885. Ku lura, gaskiyar da ya faɗa a kan jinin wanda ba ɗan ɗarikarsa ba ce ta jawo masa mutuwa.

Charles Lwanga ya ɗauki nauyin samarin a bayansa. Da ya ga hatsari ya matso, sai ya yi wa waɗansu baftisma da dare, cikinsu har da Kizito, yaro mai kimanin shekara 14. Matthias Mulumba kuwa dattijo ne mai kimanin shekara 50, mai riƙe da sarauta. Aka yanke masa gaɓoɓi, aka bar shi ya mutu a hankali. Mbaga Tuzinde ɗan gidan shugaban masu kisa ne. An roƙe shi ya yi musun Almasihu ya tsira, ya ƙi. Ranar 3 ga Yuni 1886 aka ƙone Lwanga da yawancin abokansa a Namugongo, tare da 'yan'uwanmu na Anglika. Paparoma Paul na Shida ya sa su cikin jerin tsarkaka ranar 18 ga Oktoba 1964.

Kowane manomi ya san cewa irin da aka ɓoye a rumbu ba ya ba da amfani. Abin da Ubangiji ya koyar ke nan game da ƙwayar alkama a Bisharar Yohanna sura 12. Mu ma mun ɗanɗana wannan ƙoƙo: a watan Mayu 2021 'yan bindiga suka kashe Fada Alphonsus Bello a Malumfashi. Duk da haka a 2023 aka kafa Diyosis na Katsina, aka naɗa Bishop Gerald Mamman Musa ya zama makiyayinta na farko.

To, me shahidan nan suke nema a wurinmu? Ba su ɗauki makami ba, ba su rama ba. Iyaye, ku koya wa 'ya'yanku addu'a tun suna ƙanana, gama Kizito yaro ne. Matasa, ku tsare jikinku da tsarki ko da mai iko ne ya matsa muku. 'Yan kasuwa, ku auna hatsi da mudun gaskiya. Mu duka mu zauna lafiya da maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda su ma masifar 'yan bindiga ba ta ƙyale su ba, mu faɗi gaskiya idan an zalunci kowane mutum.

Waliyyi Charles Lwanga da abokanka shahidai, ku yi addu'a dominmu. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba ƙasarmu salama. Amin.