Cinikin Da Ido Ba Ya Gani

Tukwanen Dawakin Tofa sanannu ne a ƙasar Kano. Mai sayen tukunya ya kan ƙwanƙwasa ta da yatsa, in ta tsage kunnensa ya gaya masa. Mai sayen dawa a kasuwar Dawanau kuma ya kan sa hannu cikin buhu, ya ga ko ƙwari sun ci. Amma wanda ya kai mota gareji ba shi da wannan dama, gama ba ya ganin cikin inji. Abin da bakanike ya faɗa, shi ke nan. To, mene ne hakkin mutumin da ba ya iya duba aikinmu?

Wani daga cikinmu yana da tsohuwar mota wadda ya ke dakon hatsi da ita daga ƙauyuka zuwa Dawanau. Da kaka ta yi, motar ta soma zafi. A wani gareji aka ce famfon ruwa ne, ya biya aka sake. Zafi bai daina ba. Aka ce gasket ne, aka aika Ƙofar Ruwa cikin Kano aka sayo, ya sake biya. Bayan mako biyu inji ya buga. Ashe tun farko lagireto ne ya toshe, ruwa ba ya zagawa ya huce. Motar ta yi wata biyu a ajiye, lokacin dako ya wuce, har sai da ya sayar da sansa na huɗa. Ba a taɓa jin irin wannan ba, in ji masu ƙari. Mu dai abin da muka sani shi ne, tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kayan mota sun yi tsada ƙwarai, kuskure ɗaya ya isa ya cinye noman shekara.

Shin bakaniken nan ɓarawo ne? Bai ɗauke kome ba, ya kuwa yi gumi. Rashin sani ba laifi ba ne. Laifinsa shi ne, ya sayar da zato a kan kuɗin sani. Da ya ce, "Ban gane ciwon ba tukuna, zan gwada," da mai mota ya zaɓa da idonsa a buɗe. Wanda zai yi gwaji da kuɗin wani, lalle ya gaya masa tun da fari. In gwajin bai yi ba, bai kamata ya karɓi ladan aiki sau biyu ba. Littafin Misalai ya tsauta wa masu ma'aunin zamba. A gareji, bakin bakanike shi ne ma'auni.

Mu masu kai gyara kuma muna da namu. In bakanike ya ce bai sani ba, mu kan rena shi, mu tafi wurin mai cika baki. Ta haka mu ke koya musu ƙarya. Mu girmama mai faɗin iyakar saninsa. Mu yi jinga kafin a kwance inji, mu ce a ba mu tsohon ƙarfen da aka cire, mu kuma biya lada a kan kari.

'Yan'uwa, yaranmu da yawa suna koyon kanikanci. Mu koya musu cewa "ban sani ba" ba abin kunya ba ne. Haka kuma malami, da mai ba da magani, da dukan wanda aka ba shi amanar abin da mai shi ba ya gani.