Amanar Waƙa: Daga Kunnen Mace Ɗaya Zuwa Bakin Dubbai

Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallon ƙwallo a Kano ko Damagaram ranar da Liverpool ke wasa a gida, ya san ta. Kafin a take leda, dubban mutane a filin Anfield sukan ɗaga jajayen ƙyallayen wuyansu sama, su rera "You'll Never Walk Alone" da murya ɗaya. Kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa waƙar ta'aziyya ce, wadda aka tsara domin wata mace ta rera wa 'yar uwarta da mijinta ya mutu.

Asalinta wani wasan kwaikwayo ne mai waƙe-waƙe, Carousel, da aka fara nunawa a New York a 1945. Richard Rodgers ya tsara kiɗan, Oscar Hammerstein ya rubuta baitocin. A labarin, Julie ta auri Billy, mutum mai zafin zuciya wanda har hannu ya taɓa ɗaga mata. Da ya ji tana da juna biyu, ga shi ba aikin yi, sai ya shiga fashi. Abin ya ci tura, ya daɓa wa kansa wuƙa don kada a kama shi. A kan gawarsa ne Nettie ta matso kusa da Julie, ta rera mata waƙar a hankali, tana tabbatar mata cewa ba za a bar ta ita kaɗai ba.

A 1963, wasu samari huɗu 'yan Liverpool masu kiɗan rock, Gerry and the Pacemakers, suka ɗauko ta suka ɗora a kan fiyano da jita da ganga, ƙarƙashin kulawar George Martin, wanda shi ne ke naɗa wa Beatles waƙoƙinsu. Ta yi makonni huɗu a matsayi na ɗaya a Birtaniya. Daga nan 'yan kallon Anfield suka cafe ta, ba su kuma sake ta ba har yau.

Tambayar da ke damuna ita ce: shin hakan cin amanar waƙar ne?

Mai cewa eh yana da hujja. Ta'aziyya aba ce ta ƙasa da murya. A zaman makoki, mutum yakan durƙusa kusa da wanda aka yi wa rashi, ya faɗi kalma biyu, ya yi shiru. Shirun ma wani sashe ne na saƙon. Idan aka ɗauke wannan aka kai wurin da ake ihu, ana zagin alƙalin wasa, ana sayar da riguna da sunan waƙar a jiki, to an yi asarar wani abu. Julie ta ɓace, kunyarta ta ɓace, sai amo ya rage. Biyan masu waƙar haƙƙin mallakarsu bai warware wannan ba, domin kuɗi daban, amana daban.

Amma ni a ganina, ba a sautin waƙa ake gane an riƙe amanarta ba. A aikinta ake ganewa. Wannan waƙa alkawari ce. Lokacin da Nettie ta yi shi, mutum ɗaya ce ta ɗauki nauyin mutum ɗaya. Da samarin nan suka ƙara mata kiɗa da ƙarfi, sai ta zama waƙar da taro zai iya rerawa, nauyin ya koma kan taro. To alkawari kuwa kaya ne. Gwargwadon yawan bakin da ya furta shi, gwargwadon girman bashin.

Ranar biyan bashin ta zo. A 15 ga Afrilu, 1989, a filin Hillsborough da ke Sheffield, turmutsitsi ya auku a wasan kusa da na ƙarshe na kofin FA tsakanin Liverpool da Nottingham Forest. Mutum 97 ne suka rasa rayukansu a sanadiyyarsa, cikinsu har da yara. 'Yan sanda suka ɗora laifin a kan magoya baya, jaridar The Sun ta buga ƙarairayi a kan mamata da waɗanda suka tsira. Iyalai suka ƙi yarda, mutanen garin kuma suka ƙi barin su su kaɗai. Sun ƙaurace wa jaridar, sun riƙa taruwa kowace shekara, suna rera waƙar nan a taron tunawa. Sai a Afrilun 2016, bayan shekara 27, masu taya alƙali yanke hukunci suka tabbatar cewa kisa ne ba bisa ƙa'ida ba, kuma magoya baya ba su da laifi.

A wuraren tunawar nan, waƙar ta koma gida. Iyaye mata da zawarawa ne a tsaye, kamar Julie, ana gaya musu abin da aka gaya mata. Bambancin kawai shi ne Julie ƙagaggiya ce, su kuwa mutane ne masu rai. Da waƙar ta tsaya a ɗakin wasan kwaikwayo da muryarta mai taushi, da wuya ta isa kunnensu a ranar da suka fi buƙatarta.

Saboda haka samarin 1963 ba su ci amana ba. Sai dai wannan bai wanke kowa ba. Wanda ya rera ta da yamma, ya koma wayarsa da dare yana zagin ɗan wasan da ya ɓarar da fenariti, har da iyayensa, shi ne ya ci amanarta. Haka wanda ya sa taken a hoton shafinsa, alhali abokinsa na kwance asibiti mako biyu bai leƙa shi ba.

Mu da muka saba jin an ɗauko karin waƙar Indiya an ɗora mata baitocin Hausa, bai kamata canza wa waƙa riga ya ba mu tsoro ba. Abin tambaya ga duk mai aron waƙar wani shi ne: me waƙar ta ɗauki alkawarin yi, kuma ka shirya sauke wannan nauyin?