Amanar Mai Juna Biyu: Tunatarwa Kan Ciwon Suga Lokacin Goyon Ciki

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Tunatarwar wannan Juma'a ta fi shafar mu magidanta. A Suratu Luƙman aya ta 14, Allah ya tuna mana irin raunin da uwa take shiga idan tana ɗauke da ciki. A gida Arewa, mai ciki tana da uwa da goggo da uwar miji masu sa mata ido. Nan Agege kuwa, da yawa cikin matanmu ba su da kowa sai Allah sai mijin da ya ɗauko su. Malam, amanar tana wuyanka.

Akwai ciwon suga da ke kama mace saboda cikin kawai, ko da a da ƙalau take. Jikin ɗan Adam yana samar da sinadarin insulin, wanda ke kwashe suga daga jini ya shigar da shi inda za a yi amfani da shi. Idan ciki ya tsufa, mabiyiya tana fitar da wasu sinadarai da ke rage masa ƙarfi, sai suga ya taru a jini. Sau da yawa mace ba ta jin komai. Amma jariri zai yi ta girma har ya haura kilo 4, haihuwa ta zo da gardama, a ƙare da tiyata. Haɗarin hawan jini da jijjiga ma yana ƙaruwa. Ya fi kama mai ƙiba, da wadda akwai ciwon suga a danginta, da wadda ta taɓa haifar ƙaton jariri.

Alhamdulillahi, masu bincike sun gano ana iya rage shi. A wani bincike da aka yi a ƙasar Finlan, aka wallafa a 2016, matan da ke cikin haɗari da aka taimaka musu suka gyara abinci da motsa jiki tun ciki yana ƙarami, kamuwarsu ta ragu da kusan kashi 40 cikin 100. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ba mai ciki mai lafiya shawarar motsa jiki na minti 150 a mako.

To mu dubi kanmu. Me muke shigowa da shi gida da dare? Burodin Agege, lemon kwalba, taliya, shayi mai kauri da suga cokali huɗu. Muna ganin gata ne. Alhali matar tana ɗaki ɗaya, babu daka, babu surfe, babu tsakar gidan da za ta zaga. Suratul A'araf aya ta 31 ta halatta mana ci da sha, ta kuma hana mu wuce iyaka.

Ba cewa aka yi a bar ta da yunwa ba. A cefano wake, zogale, alayyafo, kifi da ƙwai. A rage farar shinkafa da kayan zaƙi, kunu da fura a sha ba suga. Bayan cin abinci ta ɗan taka, ko da kai za ka raka ta ƙarshen layi ku dawo, sai dai in likita ya hana.

Sannan awo. Ana gwajin sugan tsakanin mako 24 zuwa 28 na ciki: a ba ta ruwan suga ta sha, a auna jininta. Ga Babban Asibitin Orile Agege, ga Ayinke House a Ikeja, ga ƙananan asibitocin unguwa. Kada kuɗin Keke ko hidimar kasuwa su sa ka hana ta. Wanda ya ce ya dogara ga Allah, to ya riƙi sababi, haka Manzon Allah (SAW) ya koyar da mu. Idan an gano ciwon, a bi umarnin likita, har da maganar azumi, domin shari'a ta yi wa mai ciki rangwame.

Iyayenmu mata, ko suga ya sauka bayan haihuwa, in an yi arba'in a koma a sake gwaji, saboda yana iya dawowa nan gaba ya zauna.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya mana zuri'a bisa Sunna, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Amin.

Sakataren Masallaci